Rishi Kapoor: Yadda Ƙuruciya Ta Ɗaukaka Shi, Ta Kuma Ɗaure Shi

A watan Disamba na 1970 aka fara haska fim ɗin Mera Naam Joker a gidajen sinima na Indiya, kuma ba a je ko'ina ba aka gane cewa Raj Kapoor ya tafka asarar da bai taɓa yin irinta ba. An shafe kimanin shekara 6 ana aikin fim ɗin, tsawonsa ya haura awa 4 har sai da aka sa masa hutu biyu, an ɗauko 'yan wasa daga Tarayyar Sobiyet, an jinginar da kadarori kafin a kai ga kammala shi, amma duk da haka 'yan kallo suka juya masa baya. Ɓangaren da aka fi yabawa shi ne na farko, inda wani yaro mai kumatu ya fito a matsayin ɗan makarantar da ya kamu da son malamarsa, yana binta da ido, ya kasa faɗa mata, ya kuma kasa ɓoyewa. Wannan yaro shi ne Rishi Kapoor, ɗan mai fim ɗin, kuma rawar da ya taka ta sa aka ba shi lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa. Duk wanda yake son ya fahimci rayuwarsa sai ya fara daga wannan asara, domin bashin da ta bari shi ne ya zaɓa masa irin jarumin da zai zama.

An haife shi a Bombay ranar 4 ga Satumba 1952, a gidan da wasan kwaikwayo ya riga ya zama gado. Kakansa Prithviraj Kapoor, wanda iyalinsa suka zauna a Peshawar da ke Pakistan ta yanzu, yana cikin waɗanda suka fito a fim ɗin Indiya na farko mai magana a 1931, sannan ya kafa ƙungiyar wasan daɓe a 1944 wadda ta riƙa zagaya garuruwa. Mahaifin Rishi, Raj Kapoor, ya kafa kamfanin R.K. Films a 1948, ya gina wurin ɗaukar fim nasa na kansa a unguwar Chembur, kuma ƙannen mahaifin, Shammi da Shashi, dukkansu jarumai ne. A gida Chintu ake kiran yaron, sunan da ya bi shi har tsufa. Yana da kimanin shekara 3 aka nuna shi tare da yayyensa suna tafiya cikin ruwan sama a wata waƙa ta Shree 420 a 1955, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cewa ruwan yana sa shi kuka, sai da jaruma Nargis ta lallashe shi da cakulan kafin a samu a ɗauki hoton. Haka kuma ya sha faɗa cewa ranar da ya ji mahaifinsa yana neman amincewar mahaifiyarsa Krishna domin a sa shi a Mera Naam Joker, ita kuma ta yarda bisa sharaɗin kada karatunsa ya taɓu, sai ya sulale ya shiga ɗaki, ya ɗauko takarda, ya fara koyon yadda zai riƙa sa wa masoya hannu.

Wannan labari yana da daɗin ji, amma bai kamata ya rufe mana ido daga halin da sauran yaran masana'antar suke ciki a wancan zamani ba. Akasarin yaran da ake sawa a finafinan Bombay talauci ne yake kai su, kuma da guminsu ake ciyar da gida. Meena Kumari tun tana ƙaramar yarinya take ɗauke da nauyin iyayenta. Daisy Irani, wadda ta yi tashe a shekarun 1950, ta bayyana a 2018 cewa mutumin da aka damƙa wa amanarta ya ci zarafinta a wurin aiki tana da shekara 6. Junior Mehmood, wanda shi ma ya fito a Mera Naam Joker kuma a lokacin sunansa ya fi na Rishi zagaya gari, ya girma ya ƙare a ƙananan rawa har ya rasu a Disamban 2023. Matsalar a fili take: abin da ake saye a wurin yaro shi ne yarintarsa, kuma da zarar murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, furodusa sai ya nemi wani. Sai bayan gyaran da aka yi wa dokar aikatau da yara a 2016, da ƙa'idojin da suka biyo baya a 2017, aka wajabta neman izinin hukuma kafin a sa yaro a fim, aka taƙaita aikinsa zuwa awa 5 a rana, aka kuma ce a ajiye masa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa a banki har ya mallaki hankalin kansa. Rishi bai buƙaci irin wannan kariya ba, tunda mai kamfanin mahaifinsa ne. Faɗin haka ba rage masa daraja ba ne, domin basirarsa ta gaske ce, sai dai gadar da ta tsallakar da shi daga yarinta zuwa jarumta ba kowane yaro ne aka gina wa ita ba.

Gadar ita ce Bobby, wanda aka saki a watan Satumba na 1973. Mutane da yawa sun ɗauka cewa uba ne ya shirya fim domin ya ɗaga ɗansa, amma Rishi ya musanta wannan fahimta a hirarrakinsa, inda ya ce an yi fim ɗin ne domin a biya bashin Mera Naam Joker, kuma an ɗauke shi ne saboda babu kuɗin da za a biya Rajesh Khanna, jarumin da kasuwa take hannunsa a lokacin. Rashin kuɗin nan sai ya zama alheri. Kafin wannan lokaci, abin da aka saba gani shi ne namiji mai shekara 30 ko fiye ya rungumi littattafai ya fito a matsayin ɗan kwaleji, 'yan kallo kuma su kau da kai su karɓa. A Bobby sai ga saurayi wanda bai jima da cika shekara 21 ba, da yarinya Dimple Kapadia mai shekara 16, fuskokinsu ɗanye shar, kunyarsu da rawar kansu irin na masu shekarunsu. Labarin kansa ba baƙo ba ne, ɗan attajiri mabiyin addinin Hindu ya so 'yar masunci Kirista daga Goa, iyaye suka ce ba za ta saɓu ba. Sabon abin shi ne matasa sun ga tsararsu a allon sinima.

Raj Kapoor ya san abin da yake yi, domin komai na fim ɗin sabo ya nema. Da yake a finafinan Indiya ba jarumi ne yake rera waƙa ba, mawaƙi ne yake rerawa a ɗakin naɗar sauti shi kuma jarumi ya bi da baki, sai ya ajiye Mukesh wanda ya daɗe yana zame masa murya, ya samo wa ɗansa wani sabon mawaƙi matashi, Shailendra Singh, ya kuma miƙa kiɗan ga Laxmikant da Pyarelal. Akwai wurin da saurayin ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar ta buɗe hannunta duk ƙullu, ta kai hannun ta gyara gashinta ba tare da ta lura ba, ƙullun ya manne mata a goshi, shi kuma ya tsaya ya rasa abin faɗa. An tabbatar cewa haka haɗuwar Raj Kapoor da Nargis ta farko ta kasance, wato uban ya ɗauko ƙuruciyarsa ya ɗora wa ɗansa. Fim ɗin ya fi kowane fim na harshen Hindi kawo kuɗi a 1973, ya share bashin, kuma da aka kai shi Tarayyar Sobiyet a 1975 'yan kallonsa sun haura miliyan 60. Ƙaramin babur ɗin Rajdoot da jarumin yake hawa ya koma ana kiransa da sunan fim ɗin, 'yan mata suka kwaikwayi rigar Dimple mai ɗigo-ɗigo, samari suka kwaikwayi tabarau da askin Rishi.

Sunan da ya zo wa matashi a dare ɗaya ba ya barinsa yadda ya same shi, kuma Rishi bai ɓoye wannan ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2017 ya amsa cewa kansa ya kumbura bayan Bobby, har ma ya bayyana cewa ya ba wani mutum rupi 30,000 domin a ba shi wata lambar yabo ta gwarzon jarumi a kan fim ɗin, abin da ya ce yana jin kunyarsa. Ina ganin wannan amsa laifi tana cikin abubuwan da suka fi ɗaga shi a idon mai adalci, domin babu wanda ya tilasta masa tona kansa bayan shekara 40 da wucewar abin. Fim ɗinsa na biyu a matsayin jarumi, a 1974, bai yi kasuwa ba, kuma wannan ya dawo da shi ƙasa da wuri.

Babbar matsalarsa, wadda ba shi ya jawo ta ba, ita ce lokacin da ya fito. Wata huɗu kacal kafin Bobby aka saki Zanjeer, fim ɗin da ya mayar da Amitabh Bachchan fusataccen saurayi mai ɗaukar doka a hannunsa. Indiya ta shekarun 1970 tana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi da yajin aiki, har ta kai ga dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa daga 1975 zuwa 1977, kuma talakan da ya sayi tikitin sinima ya fi son ya ga wanda zai naushi azzalumi a madadinsa. Marubuta irin su Salim Khan da Javed Akhtar suka riƙa gina labari a kan irin wannan jarumi. Rishi ba dogo ba ne, fuskarsa mai taushi ce, ba wanda zai yarda cewa shi kaɗai zai watsa taron 'yan daba. Saboda haka aikinsa ya rabu gida biyu. Ko dai ya ja ragamar fim ɗin soyayya mai matsakaicin kasafi, ko kuma ya shiga babban fim mai jarumai da yawa a matsayin ƙane ko aboki, kamar yadda ya fito a Akbar mawaƙi a Amar Akbar Anthony a 1977. A littafinsa ya koka cewa an fi rubuta rawa mai nauyi domin Amitabh, su kuma sauran sai sun ninka ƙoƙari kafin a lura da su. A irin wannan lokaci ne ya yi Rafoo Chakkar a 1975, inda ya yi shigar mata, kuma daga nan masu zuwa sinima a Kano da sauran biranen Arewa, waɗanda suka saba raɗa wa jaruman Indiya sunayen Hausa, suka laƙaba masa Mace, kamar yadda suka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi.

Abin da ya riƙe shi a kasuwa duk da wannan guguwa shi ne ƙwarewar da ba kasafai masu sharhi suke ba ta muhimmanci ba, wato iya hawa waƙa. Ya ce mahaifinsa ne ya hore shi da kada ya riƙa motsa leɓe kawai, ya buɗe murya ya rera da ƙarfi a gaban kyamara ko da muryar ba ta da daɗi, domin jijiyar wuya da numfashi su nuna cewa daga ƙirjinsa sautin yake fitowa. Duk wanda ya sake kallon yadda yake kaɗa ɗan tambarin hannu a Sargam na 1979, ko yadda yatsunsa suke bin jita a Karz na 1980, zai rantse makaɗi ne, alhali kwaikwayo ne tsantsa. A masana'antar da waƙa take sayar da fim tun kafin a sake shi, wannan jari ne babba. Amma ko shi bai hana shi shiga mawuyacin hali ba. Karz, wanda ya ɗora wa rai matuƙa, ya fito a lokaci guda da wani babban fim, bai kawo abin da aka zata ba, kuma Rishi ya rubuta cewa ya faɗa cikin ciwon damuwa har ya kai ga kasa tsayawa a gaban kyamara na wani lokaci. Wannan ya faru ne a shekarar da ya yi aure.

A nan ya kamata a tsaya a dubi matan da suka yi tashe tare da shi, domin labarinsu yana nuna wa wa ake barin ƙuruciya ta daɗe. Dimple Kapadia ta auri Rajesh Khanna a watan Maris na 1973 tana da shekara 15, wata shida kafin a saki Bobby, kuma ta bar fim na fiye da shekara 10, sai a tsakiyar shekarun 1980 ta dawo, inda ta sake haɗuwa da Rishi a Saagar a 1985. Neetu Singh, wadda ita ma tun tana yarinya ta fara fim da sunan Baby Sonia, ta yi finafinai 12 ko kusa da haka tare da shi, ta aure shi a Janairun 1980, ta ajiye sana'ar tana da shekara 21 lokacin da kasuwarta take ci, ta haifi Riddhima da Ranbir. Shi kuwa ya ci gaba da zama saurayi. Furodusoshi sun gane cewa idan suna da sabuwar yarinya da suke son gabatarwa, ko labarin da mace ce ginshiƙinsa, Rishi ne namijin da zai yarda ya tsaya a gefenta ba tare da ya nemi ya danne ta ba. Haka aka yi a Prem Rog na 1982 mai magana a kan auren bazawarar da mijinta ya mutu, da Nagina na 1986 da Chandni na 1989 tare da Sridevi, da Damini na 1993. An fi tuna waɗannan finafinai da matan, kuma a ra'ayina wannan shaida ce ta iya aikinsa, domin ɗaga abokin wasa ya fi haskaka kai wuya.

Daga 1973 zuwa 2000 ya fito a matsayin jarumin soyayya a finafinai fiye da 90. Shi da kansa ya sha bayyana waɗannan shekaru da cewa ya ƙare su ne sanye da suwaita yana rera waƙa a kan duwatsu masu sanyi, ba wanda ya ba shi abin da zai gwada kansa da shi. Zuwa farkon shekarun 1990 jiki ya yi nauyi, kuma sababbin samari sun iso da irin abin da shi ya zo da shi a 1973: Aamir Khan a 1988, Salman Khan a 1989. Deewana na 1992 ya nuna sauyin ƙarara. Rishi yana dab da shekara 40, jarumarsa Divya Bharti tana da 18, kuma bayan hutun rabin fim sai ga wani sabon yaro mai suna Shah Rukh Khan ya shigo a kan babur yana waƙa, ya tafi da zukatan 'yan kallo. Raj Kapoor ya riga ya rasu a 1988. Rishi ya gwada ba da umarni sau ɗaya a 1999, fim ɗin bai yi wani tasiri ba, kuma shi ne na ƙarshe da ya fita da tambarin R.K. Films.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da na fi so a tarihinsa. Da ya daina zama saurayi sai aka fara ba shi mutane ya kwaikwaya. Da farko uban jarumi ne ko uban jaruma, amma a 2010 ya fito a Do Dooni Chaar a matsayin malamin lissafi a Delhi mai hawa tsohon babur, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuma yake mafarkin sayen mota, Neetu kuma ta dawo ta fito a matarsa. A 2012 ya girgiza mutane a Agneepath, inda ya zama bos Rauf Lala, mahauci mai safarar ƙwaya da 'yan mata, idanunsa rambaɗe da kwalli, rawar da ya yi ta ja da baya kafin ya karɓa domin yana ganin ba za a yarda da shi a mugu ba. A 2016 ya zama kaka mai shekara 90 a Kapoor & Sons, yana zama awanni ana manna masa fatar tsufa kafin a fara aiki. A 2018 ya fito a Mulk a matsayin lauya Musulmi a Banaras wanda aka tilasta wa ya tabbatar da kishin ƙasarsa a kotu bayan wani ɗan gidansu ya shiga ta'addanci, kuma ya yi wannan rawa ne a lokacin da maganar matsayin Musulmi a Indiya take da zafi. A shekarar ce kuma ya sake haɗuwa da Amitabh, wannan karon Amitabh ne uba mai shekara 102, shi kuma ɗa mai 75. Wanda ya kalli waɗannan finafinai a jere dole ya tambayi kansa irin ayyukan da aka yi asararsu a shekara 25 da aka tsare mutumin nan a rawa guda.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Yana da saurin fushi, yana faɗin abin da ke ransa a Twitter ba tare da taunawa ba, ya sha rikici da 'yan jarida, kuma ya amsa cewa ya yi wa ɗansa Ranbir irin riƙon nesa-nesa da mahaifinsa ya yi masa, abin da ya dawo yana nadama. A ƙarshen rayuwarsa ya ga gidan da ya rene shi yana watsewa: gobara ta cinye babban ɗakin ɗaukar fim na R.K. a Satumban 2017 tare da kayan tarihin da ke ciki, iyalin kuma suka sayar da filin ga kamfanin gine-gine na Godrej a 2019. A 2018 aka gano yana da sankarar jini, ya tafi New York ya yi kusan shekara guda yana jinya, ya koma gida a Satumban 2019 ya ci gaba da aiki. Ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta da, ranar 30 ga Afrilu 2020 yana da shekara 67, kwana ɗaya bayan rasuwar Irrfan Khan, a tsakiyar kullen korona, don haka mutane ƙalilan ne aka bari suka halarci jana'izarsa, 'yarsa Riddhima ma da ke Delhi ba ta samu isowa a kan lokaci ba. Ya bar fim ɗinsa na ƙarshe, Sharmaji Namkeen, bai kammala ba, labarin wani dattijo da aka sallama daga aiki ya koma dafa abinci. Masu fim ɗin ba su yarda su goge abin da ya riga ya yi ba, sai suka roƙi Paresh Rawal ya ƙarasa sauran wuraren, aka saki fim ɗin a 2022 da mutum biyu suna karɓa-karɓa a rawa ɗaya.